Yadda Ake Shirya Zaɓen Gwaji Ga Ƙananan Yara A Makaranta, Mataki-Mataki

Malamai da shugabannin makarantu da dama sun sha tambayata yadda ake shirya wa ƙananan yara zaɓen gwaji ba tare da abin ya koma hayaniya da koke-koke ba, wasu kuma tambayarsu ita ce ko yaron da bai iya karatu ba zai iya kaɗa ƙuri'a ya kuma fahimci abin da ya yi. Amsar ita ce zai iya, muddin an bi aikin daki-daki. Wannan jagora ta shafi yara daga shekara 5 zuwa 11, kuma an tsara ta a kan aji guda mai yara kimanin 40, domin wanda ya iya da aji ɗaya zai iya faɗaɗa abin zuwa makaranta baki ɗaya. Aikin yana bukatar makonni biyu, amma lokacin da zai ci a kowace rana bai wuce na darasi ɗaya ba, ban da ranar zaɓen kanta.

Mataki na 1: A tsayar da abin da za a zaɓa

Nan ne yawancin zaɓukan gwaji suke lalacewa tun kafin a yanka takarda ko ɗaya. Kada a sa yara su zaɓi abin da ba za a aiwatar ba. Idan malami ya tara yara, suka yi layi, suka kaɗa ƙuri'a, aka ƙidaya, sannan washegari babu abin da ya sauya, to darasin da suka koya shi ne cewa ƙuri'a wasa ce, kuma da an bar su ba a yi zaɓen ba da ya fi alheri. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda aka amince da ita a 1989, ya tanadi cewa a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Maganar nauyi ita ce ta shafe mu a nan, domin saurare kawai ba ya wadatarwa.

Saboda haka malami ya zauna shi kaɗai ya rubuta abubuwan da yake da ikon zartarwa a ajinsa ba tare da neman kuɗi ko izinin kowa ba. Ga yara 'yan shekara 5 zuwa 7, a zaɓi abu, kada a zaɓi mutum: labarin da za a karanta musu a ƙarshen mako, wasan da za a yi a lokacin motsa jiki, sunan da za a sa wa aji, ko irin shukar da za a dasa a bakin taga. Dalili kuwa shi ne yaro mai waɗannan shekaru bai iya raba faɗuwa zaɓe da ƙiyayya ba, idan ya tsaya takara ya faɗi zai ɗauka abokansa ne suka daina son sa. Littafin labari kuwa ba ya kuka idan ba a zaɓe shi ba. Daga shekara 8 zuwa sama za a iya zaɓen wakilin aji, ko mai kula da ɗan ɗakin karatu na aji, da sharaɗin muƙamin yana da aiki bayyananne da wa'adi, misali zango ɗaya na karatu.

Yawan abubuwan zaɓi kada ya wuce biyu ko uku ga ƙanana, huɗu ga manya. Kuma dukkansu su kasance abubuwan da malami zai yi farin ciki da kowanne ya yi nasara, domin yara suna karanta fuskar malaminsu fiye da yadda suke karanta allo.

Gargaɗi: Kada a shigar da jam'iyyun siyasa na gaske, ko sunayen 'yan takarar ƙasa, ko alamominsu da launukansu. Gaskiya ne akwai ƙasashen da ake yin haka, a Norway tun 1989 ɗalibai suke kaɗa wa jam'iyyun ƙasar ƙuri'ar gwaji gab da babban zaɓe, amma waɗannan ɗaliban manyan ajujuwan sakandare ne da suka kusa kai shekarun zaɓe. Yaro ɗan shekara 7 ra'ayin gidansu kawai zai kwaso ya kawo aji, kuma malami zai tsinci kansa tsakanin iyaye masu fushi.

Mataki na 2: Izini da sanar da iyaye

A kai wa shugaban makaranta tsarin a rubuce, shafi ɗaya ya isa: abin da za a zaɓa, ranar zaɓe, ɗakin da za a yi amfani da shi, da adadin manyan da ake bukata. Bayan ya amince, a aika wa iyaye gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da maganganu uku, wato cewa darasi ne, cewa babu ruwansa da siyasar gari, da roƙon kada su gaya wa yaro abin da zai zaɓa kuma kada su saya masa komai domin neman ƙuri'a.

Mataki na 3: A rubuta ƙa'idoji kafin kowa ya san inda rinjaye yake

Ƙa'idar da aka kafa bayan an ga sakamako, ko da mai kyau ce, zargi take jawowa. A rana ta farko malami ya zauna da yaran a tattauna tambayoyi huɗu, a rubuta amsoshinsu a babban kwali a manna a bango har a gama zaɓe. Wa zai yi zaɓe? Yaya za a san wanda ya yi nasara? Me za a yi idan aka yi kunnen doki? Wace takarda ce za a ɗauka ta lalace?

Tambaya ta biyu tana bukatar natsuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya ci. Amma a lura da lissafi: a aji mai yara 40 da abubuwa uku, ana iya samun 16 da 13 da 11. Mai 16 ya yi nasara, alhali yara 24 ba shi suka zaɓa ba. Ga ƙananan yara wannan ba matsala ba ce, a bar shi haka. Ga 'yan aji biyar da shida kuwa, ina ba da shawarar a yi ƙa'idar zagaye na biyu, wato idan babu wanda ya samu fiye da rabi, a nan ƙuri'u 21, sai a sake zaɓe tsakanin biyun da ke kan gaba, kamar yadda ake yi a zaɓen shugaban ƙasar Faransa. Yara masu wayo kan gano wannan giɓi da kansu su yi ƙorafi, kuma gara malami ya riga su.

Idan aka yi kunnen doki, mafita biyu ce mai adalci: a sake zaɓe tsakanin waɗanda suka yi daidai, ko a raba, wannan ya yi rabin wa'adi wancan ya yi rabi. Malami kada ya ce shi zai raba gardama da ƙuri'arsa. A ganina malami ma kada ya yi zaɓe sam, domin wanda ya riƙe akwati bai kamata a san ɓangarensa ba.

Mataki na 4: Kayan aiki da abin da za a kashe

Kusan duk abin da ake bukata yana cikin makaranta. Ana bukatar kwali mai murfi wanda za a tsaga wa baki a sama ya zama akwatin zaɓe, da manyan kwalaye biyu da za a yanke gefe ɗaya a ɗora kan tebur su zama rumfar kaɗa ƙuri'a, da farar takarda, almakashi, gam, salatif, zare, fensira huɗu, hatimin makaranta, da alƙalamin maka mai wankuwa. Idan aka samu bokitin roba mai murfi wanda ake hango cikinsa, ya fi kwali, saboda yara za su ga takardunsu suna taruwa.

Kuɗi yana tafiya ne a wuri biyu kawai, buga takardun ƙuri'a da sayen maka. Takarda guda mai girman A4 tana ba da ƙuri'u huɗu idan aka yanka ta gida huɗu, don haka aji mai yara 40 yana bukatar takardu 11, waɗanda za su ba da ƙuri'u 44, huɗun da suka ƙaru na maye gurbin wadda yaro ya ɓata bisa kuskure ne. Wanda ba shi da na'urar buga takarda zai iya zana guda ɗaya da hannu ya kai a yi masa fotokwafi. Riguna masu rubutu, da manyan fastoci masu launi, da hayar lasifika duk ɓarnar kuɗi ne, kuma suna karkatar da hankalin yara daga ƙuri'a zuwa biki.

Mataki na 5: Rajista da katin zaɓe

Mako guda kafin zaɓe a buɗe rajista na kwana biyu. Ba a kwafe sunaye daga rajistar aji a ce an gama ba, so ake kowane yaro ya taso da ƙafarsa ya zo tebur, ya faɗi sunansa, a rubuta, a ba shi ɗan kati mai sunansa da lamba. Bayan an rufe, a manna jerin sunayen a bango kowa ya duba ko nasa yana ciki kuma an rubuta shi daidai.

Gargaɗi: Yara za su ɓatar da katin, wasu a ranar da aka ba su. Kada a bari su tafi da shi gida, a tara a ambulan ɗaya a hannun malami a raba da safiyar zaɓe. Haka kuma kada a hana yaro zaɓe don bai zo makaranta a ranakun rajista ba, ko don ya yi laifi a aji, ko don iyayensa ba su biya wani abu ba. Ƙuri'a ba lada ba ce da ake ba mai ladabi, kuma duk ranar da malami ya mai da ita sandar horo ya rushe abin da yake ginawa.

Mataki na 6: Takardar ƙuri'a, da yaron da bai iya karatu ba

Takardar ta kasance mai sauƙi: hoto ko alama a hagu, suna da manyan haruffa a tsakiya, babban akwati na sa alama a dama, da wadataccen fili tsakanin layi da layi domin hannun yaro bai gama zama ba. Alamomin su zama abubuwan da kowa ya sani kuma babu wanda ya fi wani kwarjini. Idan aka ba ɗaya zaki aka ba ɗaya kunkuru, an gama zaɓe tun kafin a fara. Tauraro da ganye da fensir sun fi dacewa. Kada a dogara da launi kaɗai wajen bambancewa, domin akwai yara, galibi maza, da ba sa rarrabe ja da kore, kuma sau da yawa ba su ma san da haka ba. Game da wanda zai zo a layin farko, a rubuta sunayen a guntayen takardu a zuba a kofi, wani yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, saboda yaron da ya ruɗe yakan sa alama a kan na saman. A bayan kowace takarda a buga hatimin makaranta, a kuma ƙidaya su a rubuta adadin.

Ga 'yan shekara 5 da 6 akwai hanyar da ta fi takarda, kuma wasu ƙasashe sun yi aiki da ita a manyan zaɓukansu. A babban zaɓen Indiya na farko, wanda aka yi tsakanin 1951 da 1952, kowane ɗan takara akwatinsa daban ne da alamarsa a jiki, mai zaɓe ya jefa takardarsa a wanda yake so ba tare da ya rubuta komai ba. A Gambiya kuwa tun 1965 ake ba mai zaɓe ɗan ƙwallon gilashi guda, ya shiga bayan labule ya jefa a gangar ɗan takararsa, ƙararrawar da ke ciki ta yi ƙara domin jami'ai su san sau ɗaya ya jefa. A aji sai a samo gwangwanaye masu murfi iri ɗaya, a huda murfin, a manna hoton kowane abin zaɓi a jikin gwangwani ɗaya, a jera su a bayan kwali. Kowane yaro a ba shi murfin kwalba guda ya shiga ya jefa.

Gargaɗi: Kada a ba ƙananan yara ƙwallon gilashi, ko tsakuwa, ko maɓalli, domin suna iya sa su a baki ko hanci, murfin kwalba na roba mai faɗi ya fi aminci. A shimfiɗa tsumma a ƙasan kowane gwangwani, in ba haka ba waɗanda ke layi za su gane inda aka jefa daga ƙarar. Kuma gwangwanayen su zama waɗanda ba a ganin cikinsu, domin ƙaramin yaro yana bin inda ya ga an fi tarawa.

Mataki na 7: Rabon aiki

Ana bukatar yara biyu a teburin tantancewa, ɗaya ya duba suna ɗaya ya miƙa takarda, da mai gadin akwati, da mai sa alama a yatsa, da mai kula da layi, da masu ƙidaya uku. Kowane ɗan takara ya ba da wakili guda da zai tsaya ya kalli komai ba tare da ya taɓa komai ba. A raba ayyukan tsakanin mata da maza, kuma a ajiye wasu domin yaran da ba su cika magana a aji ba, waɗanda sau da yawa su ne suka fi riƙe amanar tebur. Ɗan takara ba ya zama jami'i. Idan yaran ƙanana ne sosai, a aro ɗalibai daga babban aji. Manya biyu sun isa, ɗaya a ƙofa ɗaya kusa da akwati, kuma babu wanda zai tsaya inda zai iya hango cikin rumfa.

Mataki na 8: Neman ƙuri'a

Kwana uku sun wadatar. Kowane ɗan takara, ko kowace ƙungiyar da ke goyon bayan wani labari ko wasa, a ba ta takarda ɗaya mai girma iri ɗaya ta zana fosta a cikin aji da kayan aji, a kuma ba ta minti biyu ta yi magana a gaban kowa, malami yana riƙe da agogo. Bayan jawabi a karɓi tambayoyi uku daga 'yan aji. Kafin ɗan takara ya tsaya gaban jama'a, ya kawo wa malami alkawuransa a duba tare, duk wanda ba shi da ikon cikawa a cire. Yaro zai ce zai soke jarrabawa ko ya ƙara lokacin tara, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Aikin malami ne ya tambaye shi a hankali, wa zai ba ka ikon yin wannan, har yaron ya sauko zuwa abin da hannunsa zai kai, kamar tsara yadda za a riƙa karɓa-karɓa wajen share allo.

Ƙa'idoji biyu ne ba a sassautawa. Ta farko, a yi magana kan abin da za a yi, ba a ambaton ɗan takarar da ake hamayya da shi da mummuna, kuma ba a shigo da maganar addini, ƙabila, dukiyar iyaye ko siffar jiki. Ta biyu, ba a ba kowa komai domin ƙuri'a. Na taɓa ganin yaro ɗan shekara 9 ya zo da fensira sababbi cike da aljihu yana rabawa a lokacin tara, kuma da aka kira shi bai ɓoye ba, ya ce a gida aka ba shi domin ya samu jama'a. Ba a kore shi daga takara ba, an dai karɓi fensiran an mayar wa iyayensa, aka zauna da ajin duka aka tambaye su abin da zai faru da ɗan takarar da ba shi da abin rabawa. Wata yarinya ce ta ce ai ke nan mai kuɗi ne zai riƙa ci kullum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan tattaunawa ta minti goma ta fi dogon wa'azi amfani.

Mataki na 9: Atisaye

Ana gobe zaɓe a jera teburan yadda za su kasance, a yi atisaye da takardun wasa masu tambayar da ba ta da alaƙa da zaɓen, misali rana ko wata. Malami ya zana babbar takardar ƙuri'a a allo ya nuna alama ɗaya a akwati ɗaya, sannan ya nuna misalan da suka lalace: wadda aka sa wa alama biyu, wadda aka bari fayau, da wadda yaro ya rubuta sunansa a kai. Ta ƙarshen nan ita ce ta fi yawa, saboda kullum ana ce wa yara su rubuta sunansu a kan takardar aiki, kuma mafi biyayya a aji shi ne zai fara yin haka. A kuma koya musu ninke takarda gida biyu, hoton yana ciki.

Mataki na 10: Ranar zaɓe

A yi da safe, kafin yara su gaji. A cire duk fastoci daga ɗakin. Kafin a fara, mai gadin akwati ya ɗaga shi ya kifar a gaban kowa a ga babu komai a ciki, sannan a rufe murfin da salatif, wakilan 'yan takara su sa hannu a kan salatif ɗin.

Tafiyar ta zama hanya ɗaya, ba komawa baya. Yaro ya miƙa katinsa, a nemo sunansa a ja masa layi, a ba shi takarda ɗaya, ya shiga rumfa shi kaɗai ya sa alama ya ninke, ya fito ya jefa a akwati da hannunsa, a ɗiga masa maka a farce, ya koma mazauninsa. A ɗaure fensir da zare a cikin kowace rumfa, in ba haka ba zai bi yaro na uku ya tafi. A kasafta wa kowane yaro kamar minti ɗaya, wanda ke nufin da rumfa biyu aji mai yara 40 zai gama cikin minti 20 zuwa 30. Kada a tayar da ajin duka lokaci guda, a riƙa kiran su biyar-biyar, sauran suna zaune da aikin zane a gabansu. Jami'an zaɓe su fara kaɗa tasu kafin su hau aiki domin kada a manta da su.

Sirrin ƙuri'a shi ne ƙashin bayan aikin nan, kuma shi ne ya fi wuyar karewa, domin yara suna son nuna wa aboki abin da suka yi. Tun 1856 da aka fara kaɗa ƙuri'a a asirce da takardar da hukuma ta buga a wasu yankunan Ostireliya, manufar ba ta sauya ba: wanda ba a san abin da ya zaɓa ba, ba a iya tsorata shi. A aji ma akwai mai ƙarfi da ake shakka, akwai ƙawar da ake gudun ɓata wa rai. A gaya wa yaran ƙarara cewa babu wanda ke da ikon tambayarsu, har da malami, har da shugaban makaranta. Na ga wata ƙaramar yarinya ta tsaya a rumfa ta daɗe, ta leƙo ta ga babu mai kallonta, ta koma ta sa alamarta, ta ninke takardar har sau huɗu ta matse a tafin hannu har bakin akwati. A ranar na fahimci cewa akwai wanda take jin tsoro a ajin, abin da ban lura da shi ba tsawon zango guda.

Gargaɗi: Tawadar zaɓe ta gaske tana ɗauke da sinadarin azurfa da ke kama fata ya yi kwanaki bai fita ba, ba a amfani da ita a jikin yara, maka mai wankuwa ya isa. Yaron da ke bukatar taimako saboda matsalar gani ko hannu, shi zai zaɓi wanda zai taimaka masa, mai taimakon kuma ya yi shiru da abin da ya gani. Wanda ya ce ba ya son yin zaɓe, a tambaye shi sau ɗaya a keɓe ko wani ne ya tsorata shi, idan ba haka ba a ƙyale shi. Sannan kada a ɗauki hoton fuskokin yara a yaɗa sai da izinin iyayensu.

Mataki na 11: Ƙidaya

A ƙidaya nan take, a ɗakin da aka yi zaɓe, a gaban kowa. Akwatin kada ya fita daga idon yara ko da na minti ɗaya ne, domin idan ya shiga ofis ya fito, wanda ya faɗi ya samu abin faɗa.

Ana fara ƙidayar takardu kafin a buɗe su. A duba sunaye nawa aka ja wa layi a rajista, a ce 38 saboda biyu ba su zo ba, sannan a zazzage akwatin a ƙidaya takardun a ninke, dole su ma su zama 38. A haɗa da waɗanda suka rage a tebur da waɗanda aka musanya wa yara saboda kuskure, jimilla ta koma 44 da aka fara da su. Idan lissafin bai yi daidai ba, a duba ƙarƙashin tebura da cikin rumfa kafin a zargi kowa, domin galibi wani yaro ne ya bar tasa a can ko ya sa a aljihu.

Daga nan mai ƙidaya na farko ya buɗe takarda ɗaya ya ɗaga ta sama ya faɗi abin da aka zaɓa da ƙarfi, na biyu ya ajiye ta a tsibin da ya dace, na uku ya ja sanda a allo, sanduna huɗu a tsaye ta biyar ta gitta su. Takardar da ake shakka a kanta a ware ta gefe sai an gama, sannan a duba ta da ƙa'idar da ke bango. Ma'aunin shi ne ko nufin yaron ya fito fili: wanda ya zagaye hoto maimakon ya sa alama a akwati ya bayyana abin da yake so, a ƙidaya masa. Idan aka ci karo da wadda aka rubuta suna a kai, kada a karanta sunan, a kifar da ita a sa cikin lalatattu. A ƙarshe a sake ƙidaya kowane tsibi a gwada da allo, a rubuta sakamakon a takarda, wakilai su sa hannu.

Mataki na 12: Sanarwa, da waɗanda ba su yi nasara ba

Tun kafin a buɗe akwati malami ya keɓe da 'yan takara ya gaya musu cewa ɗaya ne kawai zai ci, ya kuma tambayi kowanne abin da zai faɗa idan ya ci da abin da zai faɗa idan bai ci ba. Yaron da ya riga ya furta kalmomin sau ɗaya yana samun sauƙin furta su lokacin da zuciyarsa ta yi nauyi. Idan akwai alamar wani zai tashi da ƙuri'a ɗaya ko biyu, wannan dalili ne da ya isa a hana takarar mutum ɗaya-ɗaya tun farko, a sa su tsaya bibbiyu, ɗan takara da mataimakinsa.

Wajen sanarwa a gode wa duk waɗanda suka tsaya da sunayensu, a tafa musu tare, sannan a faɗi sakamako. An yarda da tafi, ba a yarda da waƙar zolaya ko zagaye aji da wanda ya ci ba. Wanda ya yi kuka kada a ce masa ya daina ko a kira shi rago, a ba shi wuri ya huce, daga baya a damƙa masa wani aiki na gaske a ajin. Duk wanda ke da ƙorafi a saurare shi a gaban takardun, idan ya nemi a sake ƙidaya a sake sau ɗaya. Malami kuma ya sa ido a lokacin tara na kwana biyu ko uku, saboda a nan ne ake tsare yaro a ce masa mun san ba mu ka zaɓa ba.

Mataki na 13: Cika alkawari

A aiwatar da sakamakon cikin mako guda, a kuma faɗa wa yaran ranar tun a lokacin sanarwa. Idan labari aka zaɓa a karanta shi, idan shuka ce a dasa ta, idan wakili ne a ba shi aikinsa na farko washegari da safe. Takardar sakamakon da wakilai suka sa wa hannu ta zauna a bango kusa da alkawuran wanda ya ci, bayan wata guda a ware minti goma sha biyar ajin ya duba wanne aka cika wanne ya rage, wakilin ya yi bayani da bakinsa. Akwatin da rumfunan da gwangwanayen a ɗaure su wuri ɗaya a ajiye a kabad, tare da takarda mai ɗauke da ranar da wa'adin zai ƙare, wadda ita ce ranar da za a buɗe sabuwar rajista.